Gasar unguwanni a Zariya: tsarin kakar 2023 za a ɗauka ko na 2023/24?

Da zarar ƙungiyoyin da suka yi rajista sun haura goma, kwamitin shirya gasar ƙwallon unguwanni yakan rabu gida biyu. Wasu su ce a buga gida da waje, kowa ya kara da kowa sau biyu, wanda ya fi tara maki ya ɗauki kofi. Wasu su ce a raba rukuni biyu, a tace waɗanda suka fi ƙoƙari, a haɗa su fili ɗaya su ƙarasa. Ana wannan ja-in-ja a Tudun Wada, ana yi a Sabon Gari da Samaru da cikin Birni, kuma sau da yawa maganar wanda ya sayi kofin ita ke zama doka. Alhali gasar firimiya ta Najeriya ta gwada tsarin nan biyu a jere, ɗaya a 2023, ɗaya a 2023/24, da kusan ƙungiyoyi iri ɗaya. Mai son ya san abin da kowane tsari ke haifarwa ba sai ya yi hasashe ba.

Kakar 2023 dole ce ta haife ta. An gama ta 2021/22 a watan Yulin 2022, sai rikicin shugabanci ya biyo baya, aka rushe kamfanin da ke gudanar da gasar, aka naɗa kwamitin riƙo ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye. Kafin a kintsa shekara ta ƙare. Ga zaɓen ƙasa a Fabrairu da Maris, ga wa'adin miƙa wa hukumar ƙwallon Afirka, CAF, sunayen wakilan Najeriya a tsakiyar shekara. Wasa 38 ba zai shiga wannan tsukin ba, don haka aka raba ƙungiyoyi 20 zuwa rukuni biyu na goma-goma, duk da cewa masu kulob da dama sun nuna ba su so. Aka buɗe ranar 8 ga Janairu a Uyo, inda Bendel Insurance, wadda ta hauro daga ƙaramar gasa, ta bi Akwa United har gida ta ci ta 2-0. Kowace ƙungiya ta buga wasa 18. Uku na sama a kowane rukuni suka hallara a filin Mobolaji Johnson da ke Onikan a Legas daga 3 zuwa 11 ga Yuni, a gasar da ake kira Super 6: Insurance, Enyimba da Remo Stars daga rukuni na farko, Rivers United, Lobi Stars da Sunshine Stars daga na biyu. Enyimba ta Finidi George ta ɗauki kofi, karo na tara, da ladan naira miliyan 100.

Kakar da ta biyo baya aka koma tsohon tsari. An fara a ƙarshen Satumbar 2023 bayan an ɗage ranar farawa fiye da sau ɗaya, aka gama a Yunin 2024. Rangers ta Inugu, ƙarƙashin Fidelis Ilechukwu, ta lashe da maki 70, Remo Stars ta zo ta biyu, Enyimba ta uku.

Lissafin wasanni shi ne farkon abin da ma'ajin kwamiti zai duba. Cikakkiyar kaka mai ƙungiya 20 wasa 380 ce. Ta 2023 kuwa 180 ce a rukuni, sai 15 na Legas, jimilla 195. Kowane kulob ya yi tafiyar waje tara maimakon 19. Ku sauko da wannan zuwa gasar da ke da ƙungiya 12: gida da waje wasa 132 ne cikin mako 22 idan sau ɗaya ake bugawa a mako, amma rukuni biyu na shida-shida wasa 60 ne cikin mako 10, in an ƙara zagayen ƙarshe na ƙungiya huɗu ya zama 66. Rabi ke nan cif. Kowane wasa kuma yana da alƙali da mataimaka biyu da za a sallama, da ruwan leda, da farin ƙasa ko tokar shata fili, da kuɗin Keke ko bas ga waɗanda za su taso daga Palladan zuwa Gyallesu, da ɗan abin da za a ba 'yan sintirin da suka tsaya. Wanda bai taɓa riƙe jakar gasa ba shi ke raina waɗannan.

Sai dai akwai abin lura a yadda aka raba rukunin 2023. Ba a bi shiyya ba. El-Kanemi Warriors daga Maiduguri ta faɗa rukuni ɗaya da Akwa United da Enyimba da Insurance da Shooting Stars da Remo Stars, wato sai da ta je Uyo da Aba da Binin da Ibadan da Ikenne. Wikki Tourists ta Bauci ita ma tana tare da Rivers United da Bayelsa United. Yawan tafiya ya ragu, nisanta bai ragu ba. A Zariya kuna da damar da su ba su ɗauka ba: Kubanni ta riga ta raba muku gari, Birni da Tudun Wada da Tudun Jukun da Wusasa a ɗaya hannun, Sabon Gari da Muciya da Cikaji da Hanwa da Samaru a ɗayan. Kuɗin mota zai faɗi ƙasa sosai. Amma wannan sauƙin yana da farashi, zan dawo kansa.

Inda tsarin rukuni ke da rauni na gaske shi ne wajen tambayar wa ya cancanci kofi. Bendel Insurance ta Monday Odigie ta buga wasa 18 na rukuni ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Wata biyar tana wannan. Da aka isa Legas aka share allo, kowa ya koma sifili, aka ce a buga wasa biyar cikin kwana tara. Ba ta ko shiga ukun farko ba. Abin da ya share mata hawaye shi ne Kofin Ƙalubale da ta ci Rangers 1-0 a Asaba daga baya. A saman teburin Legas kuwa rarar ƙwallaye ce ta raba gardama tsakanin Enyimba da Remo Stars. Ba ina cewa Enyimba ta ci banza ba ne. Ta san dokar tun farko, ta kuma zo da 'yan wasan da za su iya jure wasa duk bayan kwana biyu. Abin nufi, wasa biyar a kwana tara yana auna wanda ke da benci mai kauri da wanda ya tashi da sa'a a wannan makon. Ɗan wasan gaba ɗaya ya gurɗe a ranar farko, shi ke nan aikin wata biyar ya bi ruwa.

Kuma ba sau ɗaya hakan ta faru ba. A 2019 ma an yi irin wannan tsari, da ƙungiya 24 a rukuni biyu na sha biyu-sha biyu. Rangers ce ta ja ragamar rukuninta, Enyimba tana bayanta. Aka je zagayen ƙarshe a Agege da ke Legas, Enyimba ta Usman Abd'Allah ta ɗauki kofi, Rangers ta ƙare ta uku. Magoya bayan Sai Masu Gida na Kwangila da Sabon Gari ba su manta da wannan makon ba: Kano Pillars ba ta yi rashin nasara ko ɗaya ba a Agege, ta ma doke Enyimba ɗin, amma canjaras biyu suka sa ta ƙare ta biyu da tazarar maki ɗaya. Sau biyu aka gwada tsarin a 'yan shekarun nan, sau biyu kulob ɗaya ya ci, kuma shi ne kulob ɗin Najeriya da ya fi kowa sabawa da wasannin matsi a gasannin Afirka. Wannan ba zai zama katari kawai ba. A gasar unguwa, fassararsa ita ce ƙungiyar da ke da uban gida mai kuɗi, mai iya tara 'yan wasa 25 da ciyar da su mako guda, ita tsarin ke yi wa aiki.

Doguwar kaka ba ta da wannan matsalar, domin tana tona asirin kowa. Doma United ta Gombe tana cikin sahun gaba a zagayen farko na 2023/24, har ana maganar ko za ta ba da mamaki. Da an yanke kakar a wasa 18, da wataƙila tana cikin masu zuwa zagayen ƙarshe. Aka ci gaba har 38, ta faɗa gasar 'yan dagaji tare da Gombe United da Sporting Lagos da Heartland. Rangers kuma, wadda a 2023 ba ta ko leƙa ukun farko na rukuninta ba, ita ce ta tara maki a hankali har ta ɗauki kofi tun ana saura wasa ɗaya. Haka Rivers United ta Stanley Eguma ta yi a 2021/22 da maki 77, ta ba Plateau United tazarar maki goma. Babu mai zama a majalisa ya ce waɗannan sa'a suka taka. Idan abin da kuke nema shi ne zakaran da ko abokin gaba zai sallama masa, gida da waje ne amsar, ba ni da ja a kan wannan.

Matsalar ita ce doguwar kaka sai an kai ƙarshenta take da wannan daraja, kuma tarihin gasarmu ya nuna ba kullum ake kaiwa ba. A 2018 an tsaya a wasa na 24 don hutun Kofin Duniya, rikicin shugabancin hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, tsakanin Amaju Pinnick da Chris Giwa ya hana a dawo, aka miƙa Lobi Stars a matsayin wakiliya saboda ita ke sama, ba a saukar da kowa ba. Abin da ya kumbura gasar 2019 zuwa ƙungiya 24 ke nan, har sai da aka saukar da takwas a lokaci guda. A 2019/20 annobar korona ta tsayar da wasa a mako na 25, aka koma lissafin matsakaicin maki a kowane wasa, Plateau United ta zama ta ɗaya ba tare da kofi ba, Rivers United da Enyimba suka shiga taƙaddama kan wa ke na biyu. Kaka biyu cikin uku a jere ba su ƙare a fili ba. Wadda ta ƙare a tsakaninsu ita ce gajeriyar.

Wannan ya fi shafar Zariya fiye da duk abin da na ambata a baya, saboda kalandarmu a matse take. Daga Yuli zuwa Satumba filayen makarantun da ake aro ruwa ne da ciyawa, rabin 'yan wasan ƙauyukan kewaye kuma suna gona. Kaka ta zo, ana girbin masara da waken soya. Lokacin ƙwallo na sosai daga Nuwamba yake farawa, a 'yan shekarun nan kuma azumi yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, bayansa ga zafin bazara, ga jarrabawar WAEC da NECO da ke ɗauke 'yan sakandare, ga ɗaliban Samaru da Kongo da ke watsewa in an yi hutu. A rana ma, tsakanin La'asar da Magariba wasa ɗaya tak fili ke ɗauka, da hunturu kuwa duhu na saurin yi. Mako 22 ba shi da wurin zama a nan sai an riƙa bugawa sau biyu a mako, kuma ɗan wasan da ke tuƙa Keke ko yake zaune a shagon ɗinki ba zai bar neman abinci Laraba da Asabar ba har wata uku. Daga nan kwantan wasa ke fara taruwa. Ko a babbar gasa, Rivers United ta sha fama da tarin kwantan wasanni a 2023/24 saboda tafiye-tafiyenta na Afirka, teburi ya daɗe ba ya nuna gaskiyar matsayin kowa. Su suna da albashi da motar kulob. Ku kuwa ƙungiyar da ta ga ba ta da rabo tun mako na 12 sai ta daina zuwa kawai, a bar kwamiti da rabon maki uku-uku na banza, wanda shi kansa ke lalata adalcin da aka zaɓi doguwar kaka dominsa.

Sai batun tsaro da alƙalanci. Kowa ya san cin wasa a waje a gasar Najeriya abu ne mai wuya tun fil azal, kuma ba ƙwarewar masu gida kaɗai ke jawo haka ba. Gida da waje yana nufin kowace ƙungiya tana da ranakun da alƙali zai tsaya a tsakiyar mutanenta. Ko kakar Rangers da na yaba ba ta tsira ba: wasanta da Enyimba a Inugu a watan Yunin 2024, wanda kusan shi ne ya yanke hukuncin kofi, bai ƙare ba. An ba Rangers fanareti a ƙarshen lokaci, 'yan Enyimba suka ƙi yarda, wasa ya watse, hukuma ta ba Rangers maki uku a ofis. Haɗa zagayen ƙarshe a fili ɗaya da ba na kowa ba yana rage wannan, ko da yake bai kawar da shi ba. A Agege a 2019, bayan canjaras 1-1 tsakanin Pillars da Rangers, 'yan kallo sun kutsa fili, aka dakatar da Rabi'u Ali wasa 12. Bambancin shi ne kwamiti zai iya tara duk ƙarfinsa na tsaro a wuri ɗaya na 'yan kwanaki, ya gayyato alƙalai daga wajen unguwannin da abin ya shafa, ya sa manyan gari su zauna a gaba. Ba zai iya yin haka a wasa 132 ba.

Nan ne farashin raba rukuni ta shiyya yake fitowa. Wasan maƙwabta ya fi kowane wasa zafi. A Afrilun 2022 wasan Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha ya tashi da rikici, aka farfasa motar baƙi, aka cire wa Pillars maki, a ƙarshen kakar kuma su biyun suka faɗi tare. In kun zuba unguwannin da ke raba masallacin Juma'a da kasuwa ɗaya a rukuni guda, kun rage kuɗin mota kun ƙara yawan ranakun da za a kwana da fargaba. Ni dai da za a tambaye ni, zan raba ta shiyya saboda aljihu, amma wasannin da aka san suna da tarihi a kai su filin da ba na kowa ba tun daga rukuni.

Akwai mai cewa, to Malam, me zai hana a yi sili-ɗaya-ƙwale a huta? Yana da wurinsa, musamman gasar hutun Sallah ko wadda ɗan siyasa ya sa kofi yana son a gama kafin ya koma Abuja. Amma ƙungiyar da ta biya rajista ta ɗinka riga ta buga minti 90 aka ce ta tafi gida ba za ta dawo baɗi ba, kuma yaro ba ya koyon ƙwallo da wasa ɗaya.

Faɗuwa daga gasa ita ce inda nake ganin tsarin 2023 ya fi yin tsauri. El-Kanemi Warriors da Nasarawa United da Wikki Tourists da Dakkada sun sauka bayan wasa 18 kacal, ba tare da sun taɓa haɗuwa da rabin ƙungiyoyin gasar ba. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa ta tara a wannan rukuni ta fi ta takwas a wancan rauni. El-Kanemi da Nasarawa sun dawo bayan shekara ɗaya, El-Kanemi ma har da Kofin Ƙalubale na 2024 a hannu tun tana ƙaramar gasa. In gasarku tana da aji biyu, kada ku kori kowa da teburin rukuni kaɗai. Ku haɗa na ƙasan nan da na ƙasan can su buga, wanda ya faɗi ya san a fili ya faɗi.

Zaɓin dai ya rataya ne kan adadi da abin da ke hannu. Idan ƙungiyoyinku ba su wuce takwas ba, duk a yanki ɗaya suke, kuna da filin da ba za a kore ku ba, kuma kuɗin alƙalai na kakar gaba ɗaya yana ajiye kafin a busa usur na farko, ku buga gida da waje. Wasa 56 ne cikin mako 14, zai shiga tsakanin Nuwamba da azumi in ba a yi wasa da lokaci ba, kuma za ku sami zakara irin Rangers ta 2024. Kuɗin da aka yi alkawari ba ya cikin lissafi. "Ranka ya daɗe, muna nan tafe kan maganar nan" ba ta taɓa biyan alƙalin wasa ba.

Idan kun kai goma ko fiye, ku ɗauki tsarin 2023, amma kada ku kwafe shi da kurakuransa. Babban gyara shi ne kada a share allo. Ƙungiyoyin da suka fito daga rukuni ɗaya su tafi zagayen ƙarshe da makin da suka samu a kan junansu, sai su buga da na ɗaya rukunin kawai. Wasanni sun ragu, wahalar wata biyu kuma ba ta tafi a banza ba. In hakan ya yi wa mutane wuyar ganewa, a ba wadda ta zo ta ɗaya a rukuni maki biyu na somawa, ta biyu maki ɗaya. Huɗu sun isa zagayen ƙarshe, shida sun yi yawa ga yaran da ba su da likita ba su da mai tausa, kuma a bar aƙalla kwana uku tsakanin wasa da wasa. Wajen jefa ƙuri'a a ware manyan ƙungiyoyi biyu ko huɗu na bara a raba su, kada su cunkushe wuri guda.

Abu na ƙarshe ƙarami ne amma shi ke kawo zargin sayar da wasa. A Legas wasa uku ake bugawa a rana, ɗaya bayan ɗaya a fili guda, don haka masu buga na ƙarshe sun riga sun san sakamakon da suke buƙata. Ranar rufe rukuni da ranar rufe gasa, ku nemi fili biyu ku fara wasannin a lokaci ɗaya, ko da ɗayan filin firamare ne. A kuma rubuta tun kafin rajista abin da zai raba ƙungiyoyin da suka yi maki ɗaya, rarar ƙwallaye ce ko sakamakon haɗuwarsu, da hukuncin wanda bai zo fili ba, da abin da za a yi in gasa ta tsaya a tsakiya. Kowane shugaban ƙungiya ya sa hannu, a ba mai unguwa kwafi ɗaya ya ajiye.